Baƙin Ɗigo a Farantin Gwaji: Yadda Enzayim ɗin Farar Wuta ke Tona Asirin Ƙwayar Taifot

A Kiyako da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Birnin Kudu, har zuwa Gwaram, idan zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, kalmar da ke biyo baya a bakin jama'a ita ce taifot. Sau da yawa abin da ake dogara da shi wajen yanke wannan hukunci gwajin Widal ne, wanda ake yi da ɗan jini cikin 'yan mintuna. Sai dai masana ƙwayoyin cuta ba su ɗauki wannan gwaji a matsayin hujja tabbatacciya ba. Hujjar da suka fi yarda da ita ita ce a raini ƙwayar cutar kanta a ɗakin gwaje-gwaje, a gan ta da ido. Daga cikin alamomin farko da ma'aikacin gwaji ke nema a wannan aiki akwai wani baƙin ɗigo da ke bayyana a kan faranti ko a cikin kwalba.

Wannan baƙin ɗigo aikin wani enzayim ne da ke sarrafa farar wuta a jikin ƙwayar cutar. Darasin na yau zai bayyana wa mai karatu mene ne wannan enzayim, yadda yake aiki, yadda yake taimakon ƙwayar cutar a cikin hanjin ɗan Adam, da kuma yadda aka mayar da shi makamin gano cuta da na gwada ruwan sha.

Mene ne enzayim?

Enzayim wani nau'in furotin ne da kowace halitta mai rai ke ƙerawa domin hanzarta sauyin sinadarai a jikinta. Sauyin da zai ɗauki dogon lokaci idan aka bar shi shi kaɗai, enzayim kan kammala shi cikin ƙiftawar ido, kuma shi kansa ba ya ƙarewa a aikin. Kowane enzayim yana da aikinsa na musamman, kamar yadda kowace manhaja a waya take da nata. Umarnin ƙera shi kuwa a rubuce yake a cikin ƙwayoyin gado na halittar. Idan wannan rubutu ya lalace, enzayim ɗin ba zai fito daidai ba, ko ma ya ƙi fitowa gaba ɗaya.

Ita kuwa farar wuta, Bahaushe ya daɗe da saninta a kasuwa, a wajen masu maganin gargajiya da masu haɗa albarushi. Amma a cikin jiki ba a wannan siffa ta rawayan gari take ba. Tana haɗe da wasu sinadarai, musamman a cikin furotin ɗin nama, ƙwai, wake da albasa. Siffofinta uku ne suka shafi wannan darasi. Ta farko ita ce iskar haidurojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke ɗauke da ƙwayar zarra ɗaya ta farar wuta. Ta biyu ita ce tayosalfet, mai ƙwayoyin zarra 2 na farar wuta da 3 na oksijin. Ta uku ita ce tetratayonet, mai 4 na farar wuta da 6 na oksijin. Tetratayonet tamkar tayosalfet biyu ne da aka ɗaure wuri guda.

Enzayim biyu a jikin Salmonella

Ƙwayar da ke haddasa taifot 'yar gidan Salmonella ce. Karl Eberth ya fara ganinta a 1880, Georg Gaffky kuma ya raine ta a ɗakin gwaji a 1884, duk a tsakanin masanan Jamus. Sunan gidan ya samo asali ne daga Daniel Salmon, wani likitan dabbobi ɗan Amurka. Gidan babba ne, yana da nau'o'i fiye da 2,500, amma za a iya kasa masu cutar da mutane gida biyu. Akwai masu haddasa taifot da danginsa, wato Salmonella Typhi da Paratyphi, waɗanda ke shiga cikin jini. Akwai kuma masu haddasa gudawa da amai bayan cin gurɓataccen abinci, irin su Typhimurium da Enteritidis.

Mafi yawan 'yan wannan gida suna ɗauke da enzayim biyu masu aiki a jere. Na farko shi ne tetratayonet ridaktes, wanda masana ke taƙaita sunansa da Ttr. Aikinsa shi ne ya raba tetratayonet gida biyu, ya mayar da shi tayosalfet. Na biyu shi ne tayosalfet ridaktes, wanda ake kira Phs. Shi kuma yana karɓar tayosalfet ya tsinka shi, sai iskar haidurojin salfaid ta fito. Dukansu biyu a maƙale suke a fatar ciki ta ƙwayar cutar, kuma kowanne yana da ƙwayar zarra ta ƙarfen molibdenom a tsakiyarsa, wurin da ainihin aikin ke gudana.

Me ƙwayar cutar ke samu da wannan wahala? Amsar tana da alaƙa da numfashi. A ilimin halittu, numfashi yana nufin cire elektiron daga abinci a miƙa shi ga wani sinadari da zai karɓa, kuma a kan wannan hanya ake samar da kuzari. Lamarin ya yi kama da batir: idan babu ɓangaren da zai karɓi wutar, ba za ta gudana ba. Ɗan Adam oksijin yake amfani da shi a matsayin mai karɓa. A cikin babban hanji kuwa oksijin kusan babu shi, don haka yawancin bakteriyar da ke zaune a can suna rayuwa ne ta hanyar tsima abinci, irin tsamin da gasara ko nono ke yi, hanyar da kuzarinta kaɗan ne. Duk ƙwayar da ta samu wani mai karɓar elektiron a wannan wuri ta yi wa sauran fintinkau. Enzayim ɗin Ttr shi ke bai wa Salmonella damar yin numfashi da tetratayonet a madadin oksijin.

Tambayar da ta ɗauki kusan shekara 90

Tun a 1923 wani masani mai suna Müller ya lura cewa idan aka zuba tetratayonet a ruwan rainon ƙwayoyin cuta, Salmonella kan bunƙasa, sauran bakteriyar bayan gida kuma su ja baya. Daga baya Fritz Kauffmann ya inganta wannan haɗi, kuma har yau ɗakunan gwajin abinci suna amfani da shi da sunayen mutanen biyu. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, ba a san akwai tetratayonet a jikin mutum ko dabba ba. To, me ya sa ƙwayar da ke rayuwa a hanji take riƙe da na'urar sarrafa shi?

Amsar ta fito a 2010, a wani bincike da Sebastian Winter da Andreas Bäumler da abokan aikinsu na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa a mujallar Nature. Sun nuna cewa abin yana tafiya ne mataki-mataki.

Da farko, bakteriyar da ke zaune lafiya a babban hanji suna fitar da haidurojin salfaid kullum yayin da suke narka ragowar abinci. Wannan iska guba ce, saboda haka ƙwayoyin bangon hanji suna da nasu enzayim da ke mayar da ita tayosalfet, wanda ba ya cutarwa. Ke nan a hanjin mai lafiya ma akwai tayosalfet a ajiye.

Na biyu, idan Salmonella ta shiga, wasu daga cikinta sukan kutsa bangon hanji da gangan. Jiki ya mayar da martani da kumburi, fararen ƙwayoyin jini su kwararo wurin, su riƙa fesa wasu sinadaran oksijin masu ƙuna domin kashe mai kutse.

Na uku, waɗannan sinadarai masu ƙuna sukan haɗu da tayosalfet ɗin da ke wurin, su mayar da shi tetratayonet. A nan ne sauran Salmonella da suka tsaya a cikin ramin hanji ke kunna enzayim ɗin Ttr su fara numfashi, alhali maƙwabtansu suna fama da tsimi kawai.

Masu binciken sun tabbatar da haka a jikin ɓeraye. Sun haɗa Salmonella lafiyayya da wadda aka lalata wa umarnin ƙera Ttr, suka ba ɓerayen. A hanjin da ya kumbura, mai enzayim ɗin ta rinjayi marar shi ninki da dama. A ɓerayen da fararen ƙwayoyin jininsu ba sa iya fesa sinadaran ƙuna kuwa, rinjayen ya ɓace. A 2011 wannan ayari ya ƙara gano cewa numfashi da tetratayonet yana ba ƙwayar damar cin wani sinadari mai suna etanolamin, wanda ke fitowa daga matattun ƙwayoyin bangon hanji, abincin da yawancin abokan takararta ba sa iya mora sosai.

Ma'anar wannan ita ce, makamin da jiki ya ɗauko domin kare kansa shi ne ya zama guzurin abokin gaba. Ƙwayar ta yawaita a hanji, gudawa ta fitar da ita da yawa, ta samu hanyar shiga ruwa ko abincin wani.

Inda taifot ta bambanta

A nan akwai wani abu da ya kamata ɗalibi ya riƙe da kyau. Wancan bincike a kan Typhimurium aka yi shi, mai haddasa gudawa. Salmonella Typhi ta ɗauki wata dabara daban. Ba ta son hayaniya a hanji. Tana lulluɓe da wata riga da ake kira Vi, wadda ke rage yadda garkuwar jiki ke gane ta. Takan ratsa bangon hanji a ɓoye, ta shiga hanta, saifa da ɓargo, ta yi mako ɗaya zuwa biyu ko fiye kafin zazzaɓi ya bayyana. A wasu mutane takan zauna a matsarmama bayan sun warke, su ci gaba da yaɗa ta ba tare da sun sani ba.

Lokacin da Julian Parkhill da abokan aikinsa a Cibiyar Sanger ta Ingila suka karanta dukkan rubutun gadon Typhi a 2001, sun tarar da umarni fiye da 200 da suka lalace. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa da yawa daga cikinsu na rayuwa ne a hanjin da ya kumbura, har da ɓangaren da ke kula da amfani da tetratayonet. Abin da ba a amfani da shi, a hankali yakan mutu. Wannan yana da tasiri kai tsaye a ɗakin gwaji: ruwan raino mai tetratayonet bai dace da neman Typhi ba kamar yadda ya dace da sauran, shi ya sa ake fifita mai sinadarin selenait. Haka kuma Typhi haidurojin salfaid kaɗan take fitarwa, Paratyphi A kuwa galibi ba ta fitarwa ko kaɗan.

Su ma masu haddasa gudawar ba abin rainawa ba ne a Afirka. A jikin yaron da maleriya ta ƙarar wa jini, ko mai tamowa, ko mai sikila, ko babba mai ƙanjamau, sukan tsallake hanji su shiga jini. A 2009 masana sun bayyana wani reshe na Typhimurium mai lamba ST313 a Malawi da Kenya, wanda ya ƙware a wannan, kuma yake jure magunguna da dama. An kuma daɗe da sanin cewa Salmonella na cikin manyan masu haddasa ciwon ƙashi ga masu sikila. Binciken da Farfesa Stephen Obaro da abokan aikinsa suka wallafa a 2015, kan jinin yara masu zazzaɓi a Kano da Abuja tsakanin 2008 da 2015, ya samu rukunin biyu duka a jinin yaran, tare da juriya ga tsofaffin magunguna irin su ampisilin, kotrimoksazol da kuloramfenikol.

Yadda baƙin ɗigo ke fitowa

Haidurojin salfaid iska ce marar launi, amma idan ta haɗu da narkakken ƙarfe sai ta zama baƙin gari. A kan wannan sauƙaƙan ilimi aka gina gwaje-gwajen. Farantin XLD, wanda Welton Taylor, wani masani baƙar fata ɗan Amurka, ya ƙirƙiro a 1965, yana ɗauke da tayosalfet da gishirin ƙarfe. Ana shafa samfurin a kai, a sa a na'urar ɗumama a ma'aunin zafi 35 zuwa 37 na tsawon awa 18 zuwa 24. Idan akwai Salmonella mai enzayim ɗin Phs, sai a ga jajayen ɗigogi masu baƙar tsakiya.

Daga nan sai a ɗauki ɗigo ɗaya a soka shi a kwalbar TSI, mai ɗauke da sukari iri uku da ƙarfe. Typhimurium kan baƙanta ƙasan kwalbar, ta kuma tara iska har abin rainon ya tsage. Typhi kuwa ɗan siririn baƙi take bari a bakin inda aka soka, kuma ba ta tara iska. Ƙwararren ma'aikaci yana ganin wannan zai fara zargin taifot.

Amma baƙi kaɗai bai isa hujja ba. Proteus da Citrobacter su ma suna baƙanta faranti, don haka sai an ƙara wasu gwaje-gwaje, kamar na yuriya da ke ware Proteus, da na ruwan garkuwa da ke tantance nau'i. A manyan asibitoci akwai na'urori irin su BACTEC da BacT/ALERT da ke sa ido a kan kwalaben jini dare da rana, su yi ƙara idan wani abu ya tsiro, sai VITEK 2 da ke faɗin sunan ƙwayar da magungunan da za su kashe ta. Duk da haka, rainon jini yakan kama kusan rabi zuwa kashi 60 cikin 100 ne na masu taifot na gaskiya, kuma damar tana raguwa sosai idan maras lafiya ya riga ya fara shan antibayotik kafin a ɗebi jinin.

Gwajin Widal, wanda Georges-Fernand Widal na Faransa ya fito da shi a 1896, ba ya neman ƙwayar cutar. Martanin garkuwar jiki yake aunawa. A yankin da mutane suka saba haɗuwa da Salmonella tun suna yara, jinin mai lafiya ma zai iya nuna alamar, haka ma mai maleriya. Sakamakon haka shi ne a ba mutum maganin taifot alhali wata cuta ke damunsa, cutar ta ci gaba, ƙwayoyin cuta kuma su koyi jure maganin. Ga mazauna Kiyako da Gwaram, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ita ce babbar cibiya mafi kusa, sannan akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku, gwajin maleriya kuma bai nuna komai ba, ya cancanci a tambayi likita batun rainon jini kafin a fara shan magani. Idan ciwon ciki mai tsanani ya shigo, ciki ya kumbura ya yi tauri, musamman a mako na biyu ko na uku, wannan na iya zama hujewar hanji, kuma aikin tiyata ne na gaggawa.

Kwalbar gwada ruwan rijiya

Wannan ilimi ya haifar da ɗaya daga cikin kayan gwajin ruwa mafi araha a duniya. A 1982 wasu masana uku a Indiya, Manja da Maurya da Rao, suka wallafa wata hanya a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana jiƙa 'yar takarda da abincin bakteriya, tayosalfet da gishirin ƙarfe, a busar da ita a cikin ƙaramar kwalba mai tsafta. Mai gwaji zai zuba ruwa kimanin mililita 20, ya rufe, ya ajiye a ɗaki. Idan cikin awa 24 zuwa 48 ruwan ya koma baƙi, akwai alamar bakteriyar da ke tafiya tare da bayan gida sun shiga. Ba ya buƙatar lantarki, kuma zafin ɗaki irin na Jigawa a yawancin watanni ya wadatar.

Gwajin yana da iyaka. Ba ya cewa akwai taifot ko kwalara a ruwan, ƙwayar kwalara ma ba ta fitar da wannan iska. Abin da yake nunawa shi ne ƙofar da waɗannan cututtuka ke bi a buɗe take. Wani lokaci kuma bakteriyar ƙasa marasa cutarwa kan baƙanta shi, shi ya sa gwajin E. coli ya ci gaba da zama ma'aunin da hukumomi ke aiki da shi. Amma a matsayin gargaɗin farko yana da amfani, musamman bayan ambaliya, lokacin da ruwa ke haɗa masai da rijiya. Jigawa na cikin jihohin da kwalarar 2021 ta fi shafa, a shekarar da aka samu fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a faɗin Najeriya. A Oktoban 2022 kuma aka ayyana ta a matsayin jiha ta farko da ta kawar da bahaya a fili. Riƙe wannan matsayi yana buƙatar a riƙa duba ruwan da ake sha, ba a gina masai kaɗai ba.

Akwai kuma gargaɗi ga masu yasar masai da tsofaffin rijiyoyi. Haidurojin salfaid ta fi iska nauyi, takan taru a ƙasan rami, kuma idan ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi. Akwai ƙananan na'urorin aljihu masu auna ta da ke yin ƙara kafin ta kai matakin haɗari.

Inda bincike ya dosa

A 2011 ayarin Evgeny Nudler na Jami'ar New York ya nuna cewa bakteriya da dama suna amfani da haidurojin salfaid ɗin da suke ƙerawa a matsayin garkuwa daga antibayotik. A 2021 suka bayyana wasu sinadarai da ke toshe enzayim ɗin da ke ƙera iskar a jikin Staphylococcus aureus da Pseudomonas aeruginosa, wanda ya sa magungunan da ake da su suka ƙara ƙarfi a gwajin ɓeraye. Enzayim ɗin ba shi ne na Salmonella ba, amma tunanin ɗaya ne: a raunana ƙwayar cuta ta hanyar yanke mata amfani da farar wuta.

Kafin irin wannan ya iso kantin magani, abin da ke hannu shi ne rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 9 ne suka kamu da taifot, kusan 110,000 suka rasu. Tun 2016 wani nau'i mai jure kusan dukkan magungunan da aka saba da su ya ɓulla a lardin Sindh na Pakistan. Akwai sabuwar allurar rigakafi da ake iya yi wa yaro tun yana wata 6, kuma Laberiya da Zimbabwe sun shigar da ita jadawalinsu a 2021, Malawi a 2023.

Kammalawa

Abubuwa huɗu ya kamata mai karatu ya fita da su. Salmonella tana da enzayim biyu, Ttr da Phs, da ke sarrafa farar wuta. Na farko yana ba masu haddasa gudawa damar cin moriyar kumburin hanji. Na biyu shi ke samar da baƙin ɗigon da ake gane su da shi a ɗakin gwaji, kodayake na Typhi siriri ne. Sannan gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot. A gida kuwa matakan kariya sanannu ne: a tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, a nesanta masai da rijiya, a wanke hannu da sabulu bayan kama ruwa da kafin taɓa abinci, kuma kada a sayi antibayotik a kemis ba tare da likita ya rubuta ba.